Hali Zanen Dutse Ne Ko Shuka?

Yau ga ku kuna karanta takarda da bakinku, ba wanda ya karanta muku. To amma ku shirya, akwai kaya tafe. A garuruwanmu na Madawa da Buza da Keita, duk wanda ya iya rubutu da lissafi ba ya daɗewa sai an kira shi ƙofar mai gari. A ce masa: "Kai ne magatakardan bankin hatsi." Ko a ce mata: "Ke za ki riƙe littafin asusun mata." Wani a ba shi kuɗin famfo, wani a ba shi littafin ƙungiyar manoman albasa. Ran nan ne za ka gane sanin baƙi da wasali kaɗai bai isa ba. Alƙalami ba ya gardama: in ka ce ya rubuta buhu goma zai rubuta, in ka ce takwas ma zai rubuta. Abin da ya rage, halin mai riƙe da shi ne.

Mu Hausawa muna cewa hali zanen dutse. In haka ne, to mai cin amana da halinsa aka haife shi, ba abin da za a yi masa. Amma mu ɗin dai muke cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanne ne gaskiya? Wasu malamai na ƙasar Sin sun yi gardama kan wannan tambaya fiye da shekara 2000 da suka wuce. Bari mu ji ta bakinsu, mu auna da abin da muke gani a gida.

Malam Kung mai awon hatsi

Sin ita ce ƙasar mutanen da muke ce wa Shinuwa. Tana can gabas mai nisa, kuma mutanenta sun haura miliyan 1400. Kun san kayansu a kasuwa: babur, salula, tocila, kwano. Su ne kuma suka gina matatar man fetur ta Damagaram da aka buɗe a 2011. Sin tsohuwar ƙasa ce, ta daɗe ƙwarai da sanin rubutu.

A shekara ta 551 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, aka haifi wani yaro a wata ƙaramar masarauta mai suna Lu. Sunan gidansu Kung. Mutanensa suna kiransa Kungzi, wato Malam Kung, Turawa kuma suka mai da sunan Kwanfushiyus. Shi ba annabi ba ne, bai ma ce shi annabi ne ba. Malami ne mai koyar da tarbiyya da sha'anin mulki.

Ubansa ya rasu yana ɗan yaro, uwarsa ta rene shi cikin rashi. Da ya tasa, aikin da ya fara samu shi ne tsaron rumbunan hatsi na wani babban gida, daga baya aka sa shi duba dabbobi. Ka ji fa, irin aikin da za a ba ka! Abin da aka riƙe game da shi a wannan lokaci kaɗan ne: lissafinsa na hatsi yakan fita daidai, dabbobin da ke hannunsa kuma suna ƙiba. Bai raina aikin ba don ƙarami ne.

Zamaninsa zamanin rikici ne. Sarakuna suna yaƙar juna, fadawa suna ƙwace mulki, talaka yana biyan haraji har wuya. Wajen shekara 50 da haihuwa Malam Kung ya sami babban muƙami na shari'a a Lu. Bai daɗe ba ya ajiye, don ya ga sarki ya bar aiki ya koma shagali. Ya yi shekara goma sha wani abu yana yawo ƙasa ƙasa da almajiransa, yana neman sarkin da zai ji shawara. Bai samu ba. Ya komo gida da tsufa, ya ci gaba da koyarwa, ya rasu a 479 kafin haihuwar Annabi Isa. Bayan rasuwarsa aka tattara maganganunsa cikin wani littafi mai suna Lunyu, wanda har yau ake karantawa.

Ɗan sarki ko mutumin kirki?

A harshensu akwai wata kalma, junzi. Asalin ma'anarta ɗan sarki. Malam Kung ya ɗauki wannan kalma ya ba ta sabon aiki. A bakinsa, junzi shi ne wanda ya gyara halinsa, ko da ubansa manomi ne. Wanda kuma aka haifa a fada, in ba ya da gaskiya da kunya, ƙaramin mutum ne. Shi ya sa bai taɓa korar almajiri don talauci ba. Ko ɗan ƙunshin busasshen nama mutum ya kawo, ya isa a karɓe shi.

In muka nemi kalmar da ta dace da junzi a Hausa, ba sai mun yi nisa ba: mutumin kirki. Tambayi kowane dattijo a Bangi ko Tamaske ya faɗa maka alamun mutumin kirki. Zai ce gaskiya, amana, haƙuri, kunya, ladabi, karamci, adalci. Ba zai ce maka yawan shanu ba. Malam Kung ma kusan abin da ya lissafa ke nan. Ya ɗora tausayin ɗan Adam a kan komi, ya kuma koyar da mutum ya auna da kansa: abin da zai ɓata maka rai in an yi maka, to wani ma zai ɓata masa.

Abin da ya fi hatsi

Wata rana wani almajirinsa ya tambaye shi abin da ke riƙe ƙasa. Malam ya lissafa masa abu uku: abinci, da makamai, da yardar jama'a ga shugabanninsu. Almajiri ya nemi sanin wanda za a fara bari in ya zama dole. Malam ya zaɓi makamai. Da aka sake matsa shi, ya zaɓi abinci, ya bar yarda ta ƙarshe.

Ran da na fara jin wannan, na ce a raina wannan malami bai ga yunwar 1984 ba. Sai daga baya na ga abin da idona. A wani gari da na koyar, an buɗe bankin hatsi da buhuna cike da ɗaki. Shugaban kwamiti mutum ne mai fara'a, kowa na sonsa. Ya fara da tiya biyu don baƙi sun sauka gidansa, ya ce zai mayar. Ma'aji ya gani, shi ma ya ɗebi tasa. Mai tsaron ɗaki ya ga manya sun ɗiba, ya ce shi wa ya fi shi buƙata? Da kaka ta zo, waɗanda suka ci bashi suka ƙi biya. Kowa na cewa: "In biya don wane ya ci?" Shekara biyu ba ta cika ba aka rufe ɗakin. Ba fara ta ci hatsin nan ba, ba gobara ba. Da yarda ta tafi, hatsi ya bi ta.

A wani garin kuwa, shekarar fari ta ƙarar da bankinsu ƙaf, ko tsaba ba ta rage ba. Amma kowa ya san inda kowace tiya ta shiga, don ana karanta littafi a bainar jama'a. Da damina ta yi kyau, kowane gida ya kawo nasa, ɗaki ya sake cika. Nan na gane abin da Malam Kung yake nufi. In akwai yarda, hatsi yana dawowa.

Ya kuma kwatanta halin shugaba da iska, halin jama'a da ciyawa. Kun ga yadda gero ke kwantawa duk inda iska ta nufa. Haka gari yake. Ba a yi wa ma'ajin nan wa'azin sata ba, kallon shugabansa kawai ya yi.

Malam Meng da dutsen da ya zama fako

Kimanin shekara 100 bayan rasuwar Malam Kung aka haifi wani malami da ya bi tafarkinsa, Mengzi, wato Malam Meng. Shi ne ya fi kowa cewa hali shuka ne.

Ga hujjarsa. A ce kana wucewa, ka hangi ɗan yaro yana rarrafe zai faɗa rijiya. Gabanka zai faɗi nan take. Ba don kana son uban yaron ya gode maka ba, ba don a yabe ka a gari ba. Ko ɓarawo ne ya gani, gabansa zai faɗi. Malam Meng ya ce wannan faɗuwar gaba ita ce tsiron alheri, kuma kowa da shi aka haife shi. Ya lissafa tsiro huɗu: tausayi, da jin kunyar mugun aiki, da girmama mutane, da sanin daidai da ba daidai ba. Amma tsiro ba icce ba ne tukuna. Sai an kula da shi.

To, in kowa yana da tsiron, ina mugayen mutane suka fito? Ya ba da misali da wani dutse kusa da wani babban birni, ana kiransa Dutsen Sa. Da can kurmi ne. Mutanen birni suka yi ta sara da gatari. Ko da haka, raɓa da ruwan sama sukan sa kututture ya toho. Sai a koro shanu da awaki su cinye tohon. A kwana a tashi dutse ya zama fako. Yaran da suka taso daga baya suka ɗauka haka Allah ya yi shi tun farko.

Ɗan Adar ba ya buƙatar a fassara masa wannan misali. Tsofaffinmu suna ba da labarin duhun itace a tsaunukan Keita da Buza. Gatari da fari da dabbobi suka taru suka tsiraita su. Ruwa ya riƙa gangarowa da gudu, yana yaga gonaki, yana tafiya da ƙasa. Mutane da yawa suka ce wannan ƙasa ta mutu. Amma tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya don tare iska. A 1984 kuma aka buɗe babban aikin Keita da taimakon ƙasar Italiya. An haƙa ramuka a jikin tsaunuka don su riƙe ruwa, an jera duwatsu, an yi madatsai a ƙoramu, an dasa itatuwa miliyoyi. Maza da yawa sun tafi bida, saboda haka mata ne suka fi ɗaukar dutse a ka, ana biyansu da abinci. Wuraren da aka yanke wa ƙauna suka sake yin ciyawa da icce. Ashe ƙasar ba ta mutu ba, hana ta aka yi.

Haka zuciyar mutum take a wurin Malam Meng. Kowace ƴar ƙarya sara ɗaya ce. Kowace tiya da aka ɗiba ba a rubuta ba, akuya ce ta ci toho. Da dare mutum yakan kwanta zuciyarsa ta dame shi: wannan shi ne tohon. In gari ya waye ya koma ga halinsa, ya sake sakin awaki ke nan. Amma in ya tsare wurin, zai yi kore.

Ya kuma ja kunnen masu gaggawa da labarin wani manomi da ya ga shukarsa ba ta saurin girma. Ya bi kunya kunya yana jan kowane tsiro sama. Ya komo gida a gajiye yana alfahari ya taimaki gona. Da ɗansa ya je dubawa, duk ta bushe. Gyaran hali ba aikin yini ɗaya ba ne, kamar yadda kai ma ba a yini ɗaya ka iya karatu ba.

Masu cewa sai da bulala

Ba duka malaman Sin suka yarda da Malam Meng ba. Wani da ya zo bayansa, Malam Shun, ya ce a'a, ɗan Adam da kwaɗayi da son kai ake haihuwarsa. A wurinsa mutum kamar karkataccen icce ne, sai an gasa an danne kafin ya miƙe. Amma ka lura, shi ma bai ce hali zanen dutse ba ne. Ya ce malami da karatu da ladabi suna miƙar da shi.

Wasu kuma suka ce a bar zancen hali gaba ɗaya, doka mai tsanani da horo su ne maganin mutane. Masarautar Cin ta bi wannan shawara. Ta ci sauran masarautu da yaƙi, ta haɗe ƙasar a 221 kafin haihuwar Annabi Isa. Aka ƙone littattafai, aka sa mutane aikin tilas. Shekara 15 kacal gidan ya yi yana mulki, jama'a suka tashi ya rushe. Gidan Han da ya gaje shi ya riƙe dokoki, amma ya haɗa da koyarwar Malam Kung, ya yi kimanin shekara 400. Daga baya har aka kafa jarrabawa kan littattafan nan don zaɓen ma'aikatan gwamnati, ba a daina ta ba sai 1905. Ɗan manomi yana iya zama ya rubuta, ko da yake ɗiyan masu hali sun fi samun lokacin karatu.

Darasin a nan shi ne abu biyu suke tafiya tare. Kwamiti yana buƙatar doka: littafi, makulli biyu, karanta lissafi gaban jama'a. Amma in masu makullin biyu suka haɗa baki, doka ta zama takarda. Doka shinge ce, hali shi ne shukar da ke ciki.

Kuma ba duk abin da suka yi za mu ɗauka ba. Almajiran Malam Kung maza ne, zamaninsa bai ba mata wuri a sha'anin shugabanci ba. Mu kuwa mun ga abin da matan Keita suka yi da duwatsu, mun ga asusun mata da yawa da ya fi na maza tsabta.

Namu malaman

Kada ka ce wannan zance na baƙi ne. Malamanmu sun yi shi a nan ƙasar. Tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, Shehu Magili ya rubuta masa nasiha kan abin da ya wajaba ga sarki. Malam Jibirila ɗan Umaru, wanda kushewarsa take cikin ƙasar Madawa, ya yi wa'azin gyaran hali ba tsoro. Almajirinsa Shehu Usumanu ɗan Fodiyo, da aka haifa a Maratta a 1754, ya yi rubutu yana sukar shugabanni masu karɓar gaisuwa kafin su yi shari'a, da masu cin dukiyar talakawa, ya kuma nuna zalunci shi ke rushe mulki. Ƙanensa Abdullahi ya rubuta wa mutanen Kano littafi kan aikin masu mulki. Su da addini suka kafa hujja, kuma sun tuna wa shugaba akwai ranar hisabi. Malaman Sin da lura da rayuwa suka kafa tasu. Amma a kan amana da adalci, bakinsu ya zo ɗaya.

Ranar da kawu ya zo

Wani almajirina, ba zan faɗi suna ba, ya gama ajinmu aka ba shi littafin bankin hatsin garinsu. Cikin watan bakwai, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, ƙanen uwarsa ya zo masa bayan sallar isha. Shi ne ya yi masa aure.

Ya ce: "Ɗana, buhu guda nake so. Kada ka rubuta, ka san ni da jin kunya. Da kaka zan mayar, ba wanda zai sani."

Yaron ya sunkuyar da kai ya ce: "Kawu, Allah ya ba ka haƙuri. Hatsin nan ba nawa ba ne, na gari ne. In na ba ka ban rubuta ba, gobe wani kawun zai zo wurin ma'aji. Amma akwai dami biyu a rumbuna, da safe zan sa a kai maka. In kuma ka yarda a rubuta sunanka kamar kowa, ni zan tsaya maka."

Kawu ya tashi ya kaɗe riga ya ce: "Yau karatu ya sa ka fi ƙarfina." Ya karɓi damman, amma bai sake amsa gaisuwar yaron ba har aka yi girbi. Gidan yaron kuma sun rage tuwo a watan nan, matarsa ma ta yi masa ƙorafi. Ba zan ce maka abin ya zo da sauƙi ba. Sai dai bankin garin nan bai rufe ba, kuma da aka zo sabon zaɓe ba wanda ya nemi a karɓi littafin daga hannunsa.

Yaron bai taɓa jin sunan Malam Kung ba. Amma ya girmama babba, ya yi zumunci daga aljihunsa, ya tsare amanar jama'a, duka a dare ɗaya. Kuma ba a daren ya koyi haka ba. Tun a aji, in na ba shi alli goma ya raba, yakan dawo mini da ragowar.

To, hali zanen dutse ne ko shuka? Ni dai ga abin da na gani cikin shekarun da na yi ina koyarwa: da fari shuka ne, abin da ka yi ta maimaitawa shi ke zama zanen dutse. Saboda haka tun kafin a ba ka littafin gari, fara da ƙananan abubuwa. In an aike ka kasuwa, dawo da canji ko dala ce. In ka auna, cika tiya. In ka yi kuskure a lissafi, ja layi ɗaya a kai yadda kowa zai gani, kada ka goge a ɓoye. In an ba ka muƙami, kai ka fara neman a karanta littafinka gaban jama'a. Kuma in ka taɓa zamewa a baya, kada ka ce ai halina ke nan. Tuna da tsaunukan Keita.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Wane aiki Malam Kung ya fara yi, kuma me aka riƙe game da shi?
2. Mene ne asalin ma'anar junzi, kuma wace ma'ana Malam Kung ya ba ta?
3. Cikin abinci da makamai da yarda, wanne ya bari na ƙarshe? Ka yarda da shi? Faɗi dalilinka.
4. Lissafa tsiro huɗu na Malam Meng.
5. Da kai ne kawu ya zo wa, me za ka ce masa?

Aikin gida

Rubuta layi biyar a kan wani mutumin kirki da ka sani a garinku, ba tare da ka faɗi sunansa ba. Faɗi abu ɗaya da ya yi wanda ya sa mutane suka yarda da shi. Gobe kowa zai karanta nasa.